Jaruman Bangaskiya: John Wesley, Bawan Allah da Ya Sa wa Bukatarsa Iyaka

A shekarar 1776 hukumar karɓar haraji ta ƙasar Ingila ta aika wa wani tsohon mai wa'azi takarda. A zamanin nan akwai harajin da ake biya a kan kwanuka da cokula na azurfa, domin su ne kayan alfarmar gidajen masu hali. Ma'aikatan hukumar sun san littattafan wannan dattijo sun shiga kowane lungu na ƙasar, sun kuma san kuɗi masu yawa suna bi ta hannunsa. Saboda haka suka ɗauka lalle yana da kayan azurfa da bai bayyana ba. Amsar da ya mayar musu gajeriya ce. Ya shaida musu yana da cokali biyu na azurfa a Landan, da waɗansu biyu a Bristol, iyakar abin da ya mallaka ke nan, kuma ba shi da niyyar ƙara ko ɗaya muddin akwai masu kwana da yunwa kewaye da shi.

Dattijon nan shi ne John Wesley, limamin Ikilisiyar Ingila, wanda Allah ya mora wajen tayar da farkawar da ta haifi Ikilisiyar Metodis. An fi saninsa da yawon wa'azi a kan doki, kamar yadda aka san ƙanensa Charles da waƙoƙin yabo. Amma akwai wani gefe na rayuwarsa da ba a cika ba yara labarinsa ba, wato yadda ya yi da kuɗi. Ya sami abin da ya isa ya mai da shi attajiri, duk da haka ya mutu bai bar tarin dukiya ba. Tarihinsa yana nuna yadda godiya ga Allah take tashi daga baki ta kai ga aljihu.

Gidan da ya fito

An haifi John Wesley a watan Yuni na shekarar 1703 a Epworth, wani ƙaramin gari a gabashin Ingila. Mahaifinsa Samuel shi ne limamin garin. Mahaifiyarsa Susanna ta haifi 'ya'ya 19, tara daga cikinsu suka mutu tun suna jarirai. Gida ne na ilimi da tsoron Allah, amma talauci da bashi ba su taɓa yin nisa da ƙofarsa ba. A shekarar 1705, John yana ɗan shekara biyu, aka kulle mahaifinsa a kurkukun Lincoln saboda bashin da bai kai fam 30 ba. Susanna ba ta da abin da za ta aika masa, sai ta tuɓe zobbanta ta aika domin ya sayar ya sami abinci. Samuel ya mayar mata da su. Ya yi 'yan watanni a tsare kafin abokai su taimaka a sake shi.

A daren 9 ga Fabrairu 1709 gobara ta kama gidan. Aka fitar da yara cikin ruɗani, sai daga baya aka lura John, ɗan shekara biyar, yana can a bene. Wuta ta riga ta ci matakala. Yaron ya hau kan akwati ya leƙo ta taga, wani maƙwabci ya taka kafaɗar wani ya fizgo shi, nan take rufin ya rufta. Abin da Samuel ya yi bayan haka ya zauna a zuciyar iyalin har ƙarshen ransu. Ga gida ya ƙone, ga littattafai da takardunsa sun zama toka, amma ya kira maƙwabta su durƙusa tare da shi su gode wa Allah, yana nuna musu cewa tun da 'ya'yansa duka sun tsira, shi mai arziki ne, gida kuwa ya tafi abinsa.

John ya girma yana kallon kansa kamar itacen da aka fizge daga wuta, irin hoton da ke cikin Zakariya sura 3. Tun yana ƙarami ya san abubuwa biyu: zafin bashi, da kuma cewa ransa kyauta ne aka ba shi karo na biyu.

Abin da ya koya a Oxford

Bayan karatu a makarantar Charterhouse ta Landan, ya shiga jami'ar Oxford a shekarar 1720. An naɗa shi dikon a 1725, aka zaɓe shi malami a kwalejin Lincoln a 1726, ya zama cikakken limami a 1728. A shekarunsa na ɗalibi shi ma bai tsira daga bashi ba, mahaifiyarsa takan rubuto masa tana ƙarfafa shi.

Masu rubuta tarihinsa sun ba da labarin wani mai tsaron ƙofa na kwalejinsu da ya yi hira da shi wani dare. Riga ɗaya tak mutumin yake da ita, ranar kuwa bai sa komai a bakinsa ba sai ruwa, amma bai daina gode wa Allah ba. Saurayi Wesley ya tambaye shi da ɗan zolaya ko me ya rage masa na godiya. Mutumin ya amsa cewa Allah ya ba shi rai, ya ba shi zuciyar ƙaunarsa da marmarin yi masa hidima. Ɗalibin tauhidi ya gane cewa akwai wani abu a cikin bangaskiya da talakan nan ya sani, shi kuwa bai sani ba tukuna.

Labari na biyu shi da kansa ya ba da shi cikin wani wa'azi da ya rubuta da tsufansa. Wata rana cikin tsananin sanyi, wata yarinya daga cikin yaran matalauta da shi da abokansa suke biya wa makaranta ta zo ɗakinsa. Ya ga tana rawar ɗari cikin 'yar riga marar kauri, ya tambaye ta, ta ce ita kaɗai take da ita. Ya sa hannu a aljihu domin ya ba ta kuɗin rigar sanyi, ya tarar kusan babu komai, gama bai daɗe da biyan kuɗin hotunan da ya ƙawata bangon ɗakinsa da su ba. Zuciyarsa ta kāshe shi. Ya dubi hotunan ya ga kamar da jinin yarinyar nan ya saye su, ya tambayi kansa ko Ubangiji zai kira shi amintaccen wakili.

Daga shekarar 1729 ya zama jagoran wata 'yar ƙungiyar ɗalibai da Charles ya fara tarawa. Suna nazarin Littafi Mai Tsarki, suna azumi ran Laraba da Jumma'a, suna ziyartar fursunoni da marasa lafiya, suna biyan bashin waɗanda aka kulle saboda ƙaramin kuɗi. Sauran ɗalibai suka yi ta yi musu ba'a saboda tsananin tsarinsu, daga cikin sunayen ba'ar ne kalmar Metodis ta fito. Wesley ya bar gashinsa ya yi tsawo domin kuɗin da zai ba wanzami ya tafi ga matalauta.

A nan ne aka kafa ƙa'idar da ta bi shi har kabari. Cikin wani wa'azinsa ya ba da misalin wani saurayi a ƙungiyar, wanda masana tarihi suka ɗauka shi ne da kansa. Saurayin yana samun fam 30 a shekara, ya ga fam 28 sun ishe shi, ya ba da fam 2. Shekara ta biyu ya sami fam 60, ya zauna a kan 28, ya ba da 32. Ta uku ya sami 90, ya ba da 62. Ta huɗu ya sami 120, ya ba da 92. Yawancin mutane sukan yanke abin da za su ba Allah, sauran kuwa su bar wa bukata ta ci yadda take so. Shi bukatar ya yanke wa iyaka, ya bar baiko ya yi ta girma.

Daga neman lada zuwa godiya

Duk da wannan ƙoƙari, Wesley bai sami salama ba. A ƙarshen shekarar 1735 ya shiga jirgin ruwa zuwa Jojiya ta ƙasar Amurka domin aikin bishara. A kan teku hadiri ya taso, tsoron mutuwa ya kama shi, amma ya ga waɗansu Kiristoci 'yan Morabiya daga Jamus, maza da mata da yara, suna raira waƙa hankali kwance. Aikinsa a Jojiya bai yi nasara ba. Ya dawo Ingila a farkon 1738 da karyayyar zuciya, yana tambayar kansa ko shi da ya tafi tubar da waɗansu ya tuba.

Da yammacin 24 ga Mayu 1738 ya tafi wani taron addu'a a titin Aldersgate na Landan, ba da son ransa ba. Wani yana karanta gabatarwar da Martin Luther ya rubuta wa Wasiƙar Romawa. Yana cikin sauraro sai ya ji zuciyarsa ta yi ɗumi, ya sami tabbaci cewa ga Almasihu kaɗai yake dogara domin ceto, kuma an ɗauke zunubansa, nasa na kansa.

Wannan dare bai canza lissafin fam 28 ba. Abin da ya canza shi ne dalilin bayarwar. Kafin Aldersgate, azumi da sadaka da ziyarar kurkuku sun zama masa kamar tsani da yake ginawa domin ya kai ga Allah, kullum kuma yana fargabar tsanin bai kai ba. Bayan Aldersgate ya ba da kuɗi kamar ɗan da aka riga aka karɓa a gida. Wanda yake bayarwa domin ya sayi tagomashin Allah yakan gaji, ko ya yi gunaguni idan bai ga sakamako ba. Wesley ya yi shekara 52 bayan wannan dare yana bayarwa, hannunsa bai taɓa yin sanyi ba, domin bashin da yake biya bashin godiya ne.

Kwabo ɗaya a mako

A ranar 2 ga Afrilu 1739, bisa gayyatar abokinsa George Whitefield, ya yi wa'azinsa na farko a fili a bayan garin Bristol, mutane wajen 3,000 suka saurare shi. Leburori da masu haƙar kwal, waɗanda ba su saba shiga majami'a ba, suka yi ta tuba. Ba da daɗewa ba aka ga ana bukatar wurin taruwa. A watan Mayu na shekarar aka aza harsashin ɗakin sujada na farko na Metodis a Bristol, nauyin bashin ginin kuwa ya koma kan Wesley shi kaɗai. Ɗan mutumin da aka taɓa kullewa saboda bashi ya san abin da wannan yake nufi.

A ranar 15 ga Fabrairu 1742 'yan zumuntar Bristol suka zauna domin su ga yadda za a biya bashin. Wani da ake kira Kyaftin Foy ya ba da shawara kowane mutum ya riƙa kawo kwabo ɗaya a mako. Dattawan da suka riski kuɗin da aka yi amfani da shi a Najeriya kafin zuwan naira a 1973 za su tuna lissafin: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Wani ya ce da yawa daga cikin 'yan'uwa ko kwabon ba za su iya ba. Sai Foy ya roƙa a haɗa shi da mutum 11 mafi talauci. Ya yi alkawari zai ziyarce su kowane mako, wanda ya sami abin bayarwa ya karɓa, wanda bai samu ba shi zai biya masa. Waɗansu suka ɗauki irin wannan nauyi, aka karkasa zumuntar ƙungiya-ƙungiya, kowace da mutum 12 har da shugabanta.

Da yayyafi kogi kan cika. Kwabo-kwabon nan ya rage bashin, amma ya haifar da abin da ba wanda ya zata. Shugabannin da suke bi gida gida suka fara ganin halin da 'yan'uwa suke ciki: wannan yana ciwo ba mai dubansa, wancan ya koma shan giya, waɗancan miji da mata ba sa ga maciji. Wesley ya gane cewa Allah ya ba shi hanyar kiwon garke. Aka mai da ƙungiyoyin su zama taron mako mako na addu'a, da bincika rai, da ƙarfafa juna, kowa kuma ya zo da kwabonsa. Wannan tsari ne ya zama ƙashin bayan Metodis a duk inda ta je. Daga baya aka ƙara sule ɗaya kowane wata uku domin taimakon masu wa'azi.

Abin lura a nan shi ne, ba a ce wa matalauci ya koma gefe ya bar masu kuɗi su yi ba, ba a kuma kunyata shi domin hannunsa wofi ne. An ba shi wuri a cikin aikin, mai ƙarfi kuma ya rufa masa asiri a makon da ya rasa.

Inda baikon ya tafi

A Landan, a shekarar 1739, Wesley ya sayi wata tsohuwar maƙerar igwa ta gwamnati da ta daɗe a lalace, aka gyara ta ta zama cibiyar aikin har kusan shekara 40. Wanda ya shiga wurin zai ga abin da baikon jama'a yake yi da idonsa. Akwai ɗakin sujada, da makarantar yaran matalauta, da wurin sayar da littattafai masu araha. A 1746 aka buɗe ɗakin shan magani kyauta. Aka kuma tanadi gida domin gwauraye tsofaffi, Wesley da masu wa'azinsa kuwa idan suna gari tare da matan nan suke cin abinci, abinci iri ɗaya a tebur ɗaya.

A wannan shekara ta 1746 ya bi gida gida ya tara wajen fam 30, ya kafa asusun rance domin masu ƙananan sana'o'i, waɗanda da sai su jinginar da kayan aikinsu ga masu cin riba. Da farko ana ba mutum har sule 20, ya biya da kaɗan kaɗan cikin wata uku. Ɗaruruwan mutane suka amfana. Ɗaya daga cikinsu wani baduku ne mai suna James Lackington, wanda ya ranci fam 5 ya ƙara jarin sayar da tsofaffin littattafai, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu sayar da littattafai na Landan. Da tsufansa ya gina majami'u da kuɗinsa.

Wesley bai yarda kuɗin ikilisiya su zauna a hannun mai wa'azi ba. Ya naɗa amintattun mutane su zama wakilai, su karɓa, su rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, su kuma nuna lissafin. Ya umarce su su yi tattali, kada su bar bashi ya daɗe, kuma idan mabukaci ya zo ba su da abin ba shi, kada su sallame shi da baƙar magana ko ɗaure fuska. Jama'a suka saki hannu domin sun san inda kwabonsu yake zuwa.

Shi kansa littattafansa ne suka kawo masa kuɗi. Ya wallafa wa'azozi, da waƙoƙi, da ƙananan littattafai na kwabo ɗaya, da wani littafin magungunan gida a 1747 wanda aka yi ta sake bugawa. Ribar ta yi yawa fiye da yadda ya zata, ya kuma yi ta zuba ta cikin aikin Ubangiji da taimakon mabukata. Waɗanda suka san lissafinsa sun kiyasta ya ba da wajen fam 30,000 a tsawon ransa. Tun a 1743, sa'ad da maƙiya suke zarginsa da tara dukiya ta hanyar wa'azi, ya rubuta a fili cewa idan ya mutu ya bar fam 10, ban da littattafansa, kowa yana da izini ya kira shi ɓarawo.

Dokoki uku

Koyarwarsa a kan wannan batu tana cikin sanannen wa'azinsa a kan amfani da kuɗi, wanda ya gina a kan Luka 16:9. Bai ɗauki kuɗi abin ƙyama ba. A ganinsa kyauta ce mai kyau daga Allah, gama a hannun 'ya'yan Allah kuɗi yakan zama abinci ga mayunwaci, sutura ga huntu, mafaka ga gwauruwa da maraya. Ya shimfiɗa dokoki uku.

Ta fari, Kirista ya nemi iyakar abin da zai iya samu ta wurin aikin gaskiya da himma, ba tare da ya cuci lafiyarsa, ko ransa, ko maƙwabcinsa ba. A nan ya tsawata wa masu ha'inci a ciniki, da masu cin riba mai nauyi, da masu sayar da barasar da take hallaka iyalai. Ta biyu, ya tsimi iyakar abin da zai iya, wato ya guji almubazzaranci wajen ci da sha, da tufafi, da kayan ɗaki, da duk abin da ake saye domin a burge mutane. Ta uku, ya bayar da iyakar abin da zai iya. Wesley ya nace cewa wanda ya kiyaye biyun farko ya tsaya nan bai yi komai ba, ya tara ne kawai.

Ya kuma bayyana jerin da bayarwar za ta bi. Mutum ya fara da abin da jikinsa yake bukata na gaskiya, sa'an nan matarsa da 'ya'yansa da duk wanda yake ƙarƙashin rufinsa. Abin da ya ragu ya tafi ga iyalin bangaskiya, daga nan ga dukan mutane, bisa ga Galatiyawa 6:10. Bai tsaya a kan zakka ba. Ya koyar cewa kashi goma ɗin duka na Allah ne, mutum wakili ne kawai, saboda haka abin da ya ci da iyalinsa ma zai ba da lissafinsa kamar abin da ya sa a kwanon baiko.

Gaskiya ne Wesley bai haifi 'ya'ya ba, kuma aurensa da Mary Vazeille a 1751 bai yi daɗi ba, har suka rabu. Yawan tafiye-tafiyensa yana cikin abin da ya jawo haka, wannan kuwa ba gefen da za a yi koyi da shi ba ne. Amma a kan kuɗi bai ci amanarta ba, gama tun kafin auren ya sa aka rubuta cewa dukiyar da mijinta na fari ya bari tata ce da 'ya'yanta. Bai kuma taɓa koya wa magidanci ya bar yaransa da yunwa domin a yabe shi a majami'a ba.

Tsoron da ya tsufa da shi

Da shekaru suka tura, wani abu ya fara damunsa. Mutanen da suka tuba sun daina shan giya da caca, sun kama aiki da himma, sun koyi tattali. Ba makawa suka fara arziki. Jikokin masu haƙar kwal suka zama masu kantuna. Wesley ya lura cewa yayin da dukiya take ƙaruwa, girman kai da son duniya suna ƙaruwa tare da ita, baiko kuwa bai bi sawu ba. A 1786 ya rubuta cewa ba ya tsoron Metodis za ta shuɗe, tsoronsa shi ne ta wanzu da siffar addini ba tare da ikonsa ba. Magani ɗaya ya gani, wato wanda ya samu, ya tsima, ya kuma bayar. Cikin wani wa'azi na 1789 ya yi kuka cewa da wuya a sami mutum 500 cikin 'yan Metodis 50,000 da suke kiyaye doka ta uku.

Bai tsaya ga faɗa da baki ba. A watan Janairu 1785, yana da shekara 81, ya ga matalautan zumuntar Landan suna bukatar tufafi ban da gawayi da burodin da aka saba raba musu. Ya yi kwana biyar yana bin titunan birnin da ƙafa, cikin dusar ƙanƙara da take narkewa har idon sawu, yana roƙo ƙofa ƙofa. Ya tara fam 200, ya kuma kwanta ciwo a ƙarshen makon.

Ƙarshen tafiya

A watan Yuli 1790 idanunsa sun dushe, hannunsa yana rawa, sai ya rufe littafin lissafin da ya yi shekaru yana rubutawa, ya nuna cewa hankalinsa a kwance yake, gama ya tsimi abin da zai iya, ya kuma ba da duk abin da yake da shi. Wasiƙarsa ta ƙarshe, a watan Fabrairu 1791, zuwa ga William Wilberforce ce, yana ƙarfafa shi kada ya gaji da yaƙi da cinikin bayi. Ya huta a ranar 2 ga Maris 1791 a gidansa na City Road a Landan, yana da shekara 87. Waɗanda suka kewaye gadonsa sun shaida cewa da ɗan sauran ƙarfinsa ya yi ta ƙoƙarin raira wata waƙar yabo ta Isaac Watts.

Wasiyyarsa ta mallaka wa aikin Metodis ribar littattafansa, tare da tanadi domin gwauruwar ƙanensa Charles. 'Yan kuɗin da aka tarar a aljihunsa da cikin aljihun teburinsa ya ce a raba wa waɗansu abokan aikinsa. Ya hana a yi masa jana'izar alfarma. Ya ce matalauta shida su ɗauki akwatin gawarsa, a ba kowannensu fam ɗaya. Ba wanda ya sami dalilin kiransa ɓarawo. Ya bar 'yan Metodis fiye da 70,000 a Birtaniya da Ireland, ban da dubbai a Amurka.

Al'adar kwabo ɗaya a mako ba ta mutu tare da shi ba. Da irin wannan baiko na talakawa aka riƙe ƙungiyar mishan ta Metodis da aka kafa bayan rasuwarsa. Ita ce ta aiko Thomas Birch Freeman, ɗan wani Ba'afirke da Baturiya, wanda ya sauka a Badagry a ranar 24 ga Satumba 1842, bisa roƙon 'yantattun bayi da suka komo daga Saliyo. Masu wanki da leburorin Ingila da suka ba da kwabonsu ba su taɓa ganin Najeriya ba, amma suna da rabo cikin shigowar bishara ƙasar.

Abin da iyalin Kirista za su ɗauka

Ba kowa aka kira ya zauna a kan fam 28 ba. Magidanci yana da kuɗin makaranta, da na asibiti, da na taki, da dangi masu dubansa. Amma tambayar da rayuwar Wesley take yi tana nan a kan kowane gida: sa'ad da albashi ya ƙaru, ko rumbu ya cika fiye da na bara, ko ciniki ya buɗe, mene ne yake fara girma? A gidaje da yawa tufafi da kayan ɗaki da hidimar biki sukan haura nan da nan, baiko kuwa ya tsaya inda yake shekara da shekaru. Miji da mata za su yi wa kansu alheri idan suka zauna tare gaban Allah, suka yanke abin da ya ishe su, kafin ƙarin ya shigo hannu.

Iyaye kuma su tuna cewa John ya koyi godiya ne daga uban da ya durƙusa a gaban gidansa da yake ci da wuta. Yaron da ya ga iyayensa suna keɓe rabon Ubangiji da murna, a shekarar yalwa da ta ƙunci, ba zai ɗauki baiko kamar haraji ba. Wanda hannunsa bai kai ba kada ya ji kunyar ɗan abin da yake da shi, gama Ubangiji Yesu ya yaba wa gwauruwa mai anini biyu a Markus sura 12. Wanda Allah ya buɗa wa kuwa yana da gurbin Kyaftin Foy da zai cika. Dattawa da ma'aji da fastoci su ma suna da nasu rabo, wato lissafi a fili, da kuma tabbatar da cewa gwauraye da marayu da marasa lafiya na ikilisiya suna ganin amfanin abin da aka tara.

Sarki Dawuda, a ranar da jama'a suka kawo baiko domin ginin Haikali, ya shaida cikin 1 Tarihi sura 29 cewa daga abin da Allah ya ba su ne suka mayar masa. Da wannan fahimta John Wesley ya rayu, da ita kuma ya mutu. Ubangiji ya ba ikilisiyarsa zuciyar godiya da wadar zuci, ya sa a iske kowane gida da aminci a ranar ba da lissafi. Amin.